Yadda Ake Zaɓen Na'urar CD Mai Daraja Wadda Za Ta Jure Ƙura da Zafin Maraɗi

Mutumin da ya riga ya mallaki amfilifaya ta kirki da lasifika biyu masu kyau, kuma yana da tarin faya-fayan CD na asali da ya daɗe yana adanawa, dole wata rana ya ji cewa ƙaramar na'urar DVD da yake kunna su da ita ba ta fitar masa da duk abin da ke cikinsu. Daga nan ne yake fara leƙa shafukan masu sayar da kayan sauti na Turai da Japan, ya tarar da na'urori tun daga na ƙasa da Yuro 1,000 har zuwa waɗanda suka haura Yuro 10,000. Tun da Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, na'urar Yuro 1,000 ta kai jika 656 tun kafin a yi maganar kuɗin dako da na duwan, saboda haka ba ciniki ba ne da za a yi da gaggawa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, masu yabon waɗannan na'urori a mujallu suna gwada su ne a ɗakuna masu sanyi, inda iska ba ta ɗauke da rairayi kuma wuta ba ta rawa. Mu a Maraɗi muna da alƙalai uku da su ba su san da su ba, wato ƙurar hunturu, da zafin bazara, da wutar da ke hawa da sauka, kuma na'urar da ba ta gamsar da waɗannan ukun ba, daɗin sautinta ba zai daɗe ba.

Kafin a taɓa aljihu, a fara duba faya-fayan da ke gida. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara CD, suka fitar da ƙa'idarsa a 1980, sannan na'urar farko da ta shiga kasuwa, Sony CDP-101, ta fito a Japan a watan Oktoba na 1982. Bisa wannan ƙa'ida ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da lambobi masu bit 16, a kan faifai mai faɗin santimita 12 wanda ke ɗaukar minti 74 zuwa 80. To, da yawa daga cikin faya-fayan da muka saba saya a kasuwa ba irin wannan ba ne. Duk faifan da ka ga an cusa masa waƙa ɗari ko fiye, MP3 ne, an matse sautin an zubar da wani ɓangarensa, kuma babu na'urar da za ta dawo da abin da aka riga aka zubar. Wasu kuma VCD ne na kallo. Manyan na'urori da dama ba sa karanta MP3 ko kaɗan, kuma kusan babu wadda ke karanta VCD. Idan aka ƙirga aka ga faifan asali bai taka kara ya karya ba, gara a kashe kuɗin wajen tara faifai da inganta lasifika, domin lasifika da yanayin ɗaki sun fi na'urar CD tasiri a kan abin da kunne ke ji, nesa ba kusa ba.

Idan faifai ya samu, sai a fahimci abin da ke cikin akwatin da za a saya. Sassa uku ne muhimmai. Akwai injin da ke juya faifai yana karanta shi da hasken lesa, wanda masu gyara a nan suke kira ido. Akwai sashen da ke mayar da lambobi su koma sauti, wanda ake rubuta shi DAC. Sannan akwai sashen ƙarshe da ke miƙa sautin ga amfilifaya, tare da taransifoma da sauran kayan da ke ciyar da na'urar da wuta. Masu talla sun fi yawan magana a kan DAC, ni kuwa a ganina injin ne ya kamata ɗan Maraɗi ya fi zura wa ido, domin shi kaɗai ne ke motsi, shi ke shaƙar ƙura, kuma shi ke fara mutuwa.

Aikin da wannan ido yake yi ya cancanci a tsaya a kansa. Faifai yana juyawa kusan sau 500 a minti idan ana karanta tsakiyarsa, ya ragu zuwa wajen sau 200 idan an kai baki, domin karatun daga ciki yake farawa ya yi waje. Tazarar da ke tsakanin layin rubutu da na kusa da shi mikiromita 1.6 ce, wato a faɗin silin gashi ɗaya za a jera layuka da dama. Idon yana rataye ne a kan wasu siraran wayoyi, yana hawa da sauka yana bin layin ba tare da ya taɓa faifan ba. Lallausar ƙurar da iskar hunturu ke kawowa daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke ratsa tagar da aka rufe ta kwanta a kan tebur kamar an barbaɗa gari, ita ce take zama a kan gilashin idon da madubin da ke ƙarƙashinsa, ta kuma haɗu da man da ke kan sandar da idon ke tafiya a kai ta zama laka. Alamar farko ita ce na'ura ta riƙa jinkiri kafin ta nuna adadin waƙoƙi, sannan ta fara tsallake a waƙoƙin ƙarshe, daga bisani ta ce babu faifai alhali yana ciki.

Saboda haka yadda ake saka faifai ba ƙaramar magana ba ce. Iri uku ake da su. Mai tsaga, wadda ke zuƙe faifai kamar ta mota, irin Audiolab 6000CDT, tana da kyau a ƙasarsu, amma a nan ina shakkarta, domin bakinta a buɗe yake kullum, kuma robar da ke jan faifai idan ta kwashi rairayi za ta goga shi a jikin faifan. Mai tire, wadda ita ce aka fi sani kuma ita Marantz da Denon da Yamaha da Accuphase da Luxman suka fi yi, tana rufewa ruf, sai dai a yawancinsu ƙaramar roba ce ke jan tiren, kuma zafi yana sa ta saki har tiren ya ƙi fita. Wannan gyara ne mai sauƙi mai araha, kowane mai gyaran rediyo zai iya. Ta uku ita ce mai murfi a sama, irin Rega Apollo da Saturn, wadda ba ta da tire balle robarsa, kuma idonta a fili yake ga mai son gogewa, amma duk buɗe murfi sai ƙura ta sauka kai tsaye a kansa. Ni na fi karkata ga mai tire mai nauyi wadda bakinta ke haɗewa sosai, kuma jikinta ba shi da ramukan shan iska a saman injin. A ɗaga na'urar a duba ƙasanta da bayanta, a ga ta ina iska ke shiga.

Tambaya mafi muhimmanci da za a yi wa mai sayarwa ita ce, wane inji ne a ciki, kuma ana samun idonsa? Kowane lesa yana tsufa, komai tsadar akwatin da yake ciki. Kamfanonin da ke ƙera injinsu da kansu kaɗan ne, irin su Esoteric mai injin VRDS, da rukunin da ya haɗa Denon da Marantz. Sauran suna saye ne daga wasu. Idanun Sony irin KSS-213 da injin Philips VAM1202 sun bazu a duniya, har yau ana samunsu ko makamantansu da ɗan kuɗi, yayin da injin Philips CD-Pro2, wanda na'urori masu tsada da yawa suka dogara da shi, an daina ƙera shi, kuma wasu tsofaffin idanun sai dai a ciro daga wata na'urar da ta mutu. Na taɓa kai wata tsohuwar na'ura mai nauyi wurin wani dattijo mai gyara a kusa da babbar kasuwa. Ya kwance murfin, ya haska tocila a kan ƴar takardar da ke manne a jikin idon, ya karanta lambar sau biyu, sannan ya ɗago ya ce da ni, "Alhaji, sauran kayan nan lafiyarsu lau, za su yi shekara ashirin nan gaba. Amma wannan idon ko Kano ka aika ba za ka samu ba." Na ce, "Malam, babu wata dabara?" Ya girgiza kai, ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya cikin murfin kwalba ya miƙo mini. Tun daga ranar ba na sayen na'ura sai na san lambar idonta, kuma idan hali ya yi, nakan sayi ido na biyu tare da ita in ajiye a cikin ledarsa.

Game da DAC ba zan tsawaita ba. Za a ji ana ambaton sunayen ƴan guntayen da ke yin wannan aiki, irin su ESS Sabre, da AKM, da Burr-Brown, da tsohon Philips TDA1541 wanda masoya tsofaffin kaya suke girmamawa, kuma akwai muhawara tsakanin masu son hanyoyi biyu na mayar da lambobi sauti, wato R-2R da delta-sigma. Gaskiyar magana ita ce faifan CD iyakar tazararsa tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni wajen desibel 96 ce a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma duk wani DAC na kirki na wannan zamani ya zarce haka. Na'urori biyu masu DAC iri ɗaya suna iya bambanta a kunne saboda tsabtar wutar da ke ciyar da shi, da daidaiton agogon da ke tsara fitar lambobi, da ingancin sashen ƙarshe. Kada sunan ɗan guntun da bai kai farce ba ya yanke maka hukunci a kan akwati mai kilo goma sha biyar.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne a nemi na'urar da ke da ƙofofin shigar lambobi a bayanta, wato USB, da ta waya mai om 75, da ta haske wadda ake kira Toslink. Da su za ka iya haɗa kwamfuta ko talabijin ka amfana da DAC ɗin, kuma ranar da ido ya mutu aka rasa madadinsa, rabin kuɗinka bai bi ruwa ba, na'urar za ta ci gaba da aiki. Haka kuma ta kasance tana da ƙofar fitar lambobi. Wasu sukan raba aikin gida biyu, su sayi injin karatu zalla irin Cambridge Audio CXC, su haɗa shi da DAC na daban. Wannan dabara ta dace da mu ƙwarai, domin sashen da ke lalacewa shi ne mai araha, mai tsadan kuwa ba ya motsi. SACD, wato faifan da ya fi CD ɗaukar bayanan sauti, wanda Sony da Philips suka fitar a 1999, yana da kyau, amma idan ba ka da faya-fayansa kuma ba ka da mai kawo maka daga waje, kada ka biya kuɗinsa, musamman da yake idonsa ya fi na CD zalla sarƙaƙiya da tsada. Yawancin faya-fayan SACD ma suna da shimfiɗa ta biyu da kowace na'urar CD ke karantawa.

Sai maganar wuta, wadda a kanta ne na ga asarar da ta fi ba ni tausayi. Wutarmu bolt 220 ce mai hez 50, daidai da kayan Turai masu bolt 230. Kayan da aka yi don kasuwar Japan kuwa bolt 100 ne, na Amurka 120. Tsofaffin na'urorin Accuphase da Luxman da Esoteric da ake gani a intanet da farashi mai jan hankali, da yawansu na cikin gidan Japan ne. Wani abokina a unguwar Zariya ya yi watanni yana jiran irin wannan na'ura. Ranar da ta iso muna tare, ya ga bakin wayarta bai shiga soket ba, sai ya aiki yaro ya sayo ɗan mahaɗi. Yana danna maɓalli allon ya haska sau ɗaya, muka ji ƙas, sai ƙaurin ƙonewa ya cika falon. Da muka juya ta, ga 100V a rubuce ƙarara a kan farar takardar da ke baya, ba wanda ya duba a cikinmu. A karanta wannan takarda kafin a biya kuɗi, idan daga nesa ne a sa mai kaya ya ɗauki hotonta ya turo. Na'urar bolt 100 za ta yi aiki da taransifoma mai rage wuta, amma ƙarin kaya ne, kuma ranar da wani a gida ya zare ya mayar ba daidai ba, shi ke nan.

Ko na'urar ta dace da wutarmu, sai an kare ta. Manyan na'urori yawanci suna da taransifoma mai nauyi da aka naɗa don wuta guda ɗaya, ba kamar cajar waya ba wadda ke karɓar 100 zuwa 240, don haka hawa da saukar wuta yana taɓa su. Na'urar CD ba ta cin wuta, da wuya ta haura wat 50, saboda haka ƙaramar na'urar daidaita wuta mai inganci ta ishe ta, tare da abin da ke jinkirta shigar wuta na ƴan mintoci bayan an dawo da ita, domin a wannan lokaci ne kaya suka fi ƙonewa. Mai amfani da hasken rana ya tabbatar inbatarsa, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce irin ta layi, domin mai araha tana sa taransifoma gurnani da zafi. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo aka fara walƙiya, babu kariyar da ta kai zare waya daga bango.

Zafi ma haka. Littattafan na'urori da yawa suna cewa a yi amfani da su tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Don haka ban ba da shawarar na'ura mai kwalaben wuta masu zafi irin na tsofaffin rediyoyi a sashenta na ƙarshe ba, sai ga wanda ɗakinsa ke da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada a ɗora na'urar CD a kan amfilifaya, domin zafin da ke tashi daga ƙasa yana rage wa lesa kwana.

Wajen haɗawa da amfilifaya, ƙofar RCA, wato ƴan ramukan nan biyu ja da fari, tana fitar da wajen bolt 2, XLR kuma, wato mai haƙora uku, sau da yawa ninkin haka. Idan amfilifayarka ba ta da XLR, ko kuma wayar ba ta wuce mita ɗaya ba, RCA ta wadatar. Waya mai kyawun kai da rufi ta isa, ba sai wadda kuɗinta ya kai na lasifika ba.

Yanzu sai sauraro, wanda shi ne alƙalin ƙarshe, kuma ba a cinikin biri a sama. Idan da hali a kawo na'urar gida a haɗa ta da kayanka, ko kuwa ka je Yamai ko Kano da faya-fayanka uku ko huɗu waɗanda ka haddace. Nakan tafi da faifan karatun Alƙur'ani mai kyawun ɗauka, domin muryar mutum ɗaya ba tare da kiɗa ba tana tona asirin na'ura: a saurari harafin sin da sad, a ji ko suna fita sumul ko suna soke kunne, a kuma saurari shirun da ke tsakanin aya da aya. Sai faifai mai kalangu ko gurmi, a ji ko bugun yana tashi nan take ya kuma mutu a hankali, ko kuwa ya cakuɗe da murya. Sai mai goge, domin idan saman sautin na'ura yana da kaifi, minti goma na goge zai gajiyar da kai. Amma akwai tarko guda. Idan ana gwada na'urori biyu, wadda ta ɗara ƙarfi ko da desibel ɗaya ne kunne zai ce ta fi daɗi, ta fi fili, ta fi nauyi, alhali ƙara kawai ta fi. A daidaita ƙarfinsu da faifan gwaji mai sauti ɗaya tsayayye da mitar auna wuta a bakin wayar lasifika, sannan a sa wani ya riƙa sauyawa ba tare da ka san wadda ke aiki ba. Na sha ganin bambancin da ake rantsuwa a kansa ya ragu ƙwarai bayan an yi haka, kuma wanda ya rage shi ne na gaskiya, shi ya cancanci a biya.

Ga mai sayen ta hannu, cikin kayan da ke shigowa ta Kwatano ko Lome, ga gwajin da ba ya cin rabin awa. A saka faifan asali a lura da daƙiƙoƙin da take ɗauka kafin ta nuna adadin waƙoƙi. Lafiyayya ba ta ɓata lokaci. A tsallaka daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe a faifai mai tsawo, a dawo, sau da yawa. A saka faifan da aka kwafa a kwamfuta, domin ba ya mayar da haske kamar na asali, kuma idon da ya fara gajiya a kansa yake fara gazawa. A saka mai ɗan ƙarce a ga yadda za ta wuce wurin. A kanga kunne a jikin akwatin a ji ko akwai ƙarar gogayya. A bar ta ta yi zafi, domin wasu sai bayan minti ashirin suke fara tsallake. A buɗe tire a rufe sau goma, a gwada rimot, a duba kusoshin murfi ko sun sha sukudireba. Idan za ta yi doguwar tafiya a mota, a cire faifai, a nemi kwalinta na asali, kuma wasu tsofaffin na'urori suna da kusoshin ɗaure inji a ƙasa waɗanda ake ɗaurewa kafin tafiya a kwance bayan an isa.

Da ta iso gida, a ajiye ta a kan kantar ajiye kaya mai ƙarfi wadda ba ta karkata ba, nesa da taga da lasifika, a sa tela ya ɗinka mata rigar yadi mai kauri da za a rufe ta bayan ta huce. Kada a bar tire a buɗe ko na minti ɗaya. Faifai kuma a goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin tsarin gyaran kuskure na CD yana iya cike ƙarcen da ya ratsa layuka, amma wanda ya bi layi ɗaya ya yi tsawo yakan fi ƙarfinsa. A kiyaye gefen da ke da rubutu fiye da gefen mai sheƙi, domin bayanan suna kwance ne dab da fentin. Faifan goge ido mai ɗan burushi ban yarda da shi ba. Gara sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce a wajen watan Maris, a kai ta wurin mai gyaran da aka amince da hannunsa, ya hure ƙurar, ya goge idon a hankali, ya share tsohon man sanda ya sa sabo, ya kuma duba robar tire kafin zafin bazara ya kama.